Haƙƙin gumi a Amurka: jagorar albashi da awannin aiki ga ma'aikaci da ubangida

Duk mai aikin albashi a Amurka doka biyu ce a kansa a lokaci guda, wani wurin ma uku: ta tarayya, ta jihar da yake aiki, da ta birni ko gunduma idan akwai. Ta tarayyar ita ce Fair Labor Standards Act, wadda ake taƙaitawa da FLSA. Shugaba Franklin Roosevelt ne ya sa mata hannu a 1938, lokacin mafi ƙarancin albashi santi 25 ne a awa. Jiha tana iya ƙarawa a kan abin da wannan doka ta ce, amma ba ta da ikon ragewa. Idan dokokin suka saɓa, wadda ta fi amfanar ma'aikaci ita ake bi.

Mutanenmu da ke Bronx da Houston da Chicago da Atlanta, akasarinsu a irin ayyukan da aka fi cin gumin mutane suke: gadi, kula da tsofaffi a gida, ɗaukar kaya a sito, wankin mota, kicin ɗin gidan abinci, kai saƙo, shagon kitso. Wasu kuma Allah ya buɗa musu, sun buɗe kantin kayan Afirka ko kamfanin shara, su ma sun zama iyayen gida. Jagorar nan ta ɓangarorin biyu ce. Kuma tun da wuri a san cewa “ai mun daidaita tsakaninmu” ba hujja ba ce a gaban hukuma. Tun 1945 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ma'aikaci ba shi da ikon yafe haƙƙin da FLSA ta ba shi ta hanyar yarjejeniya tsakaninsa da ubangida, ko da ya sa hannu da kansa.

Mataki na farko: tantance ko kai ma'aikaci ne ko ɗan kwangila

Daga nan komai ke farawa, domin dokokin albashi ma'aikaci suke karewa, ba ɗan kwangila mai zaman kansa ba. Ma'aikaci takardar haraji mai suna W-2 ake ba shi a farkon shekara, ɗan kwangila kuma 1099. Sai dai takardar ba ita ce alƙali ba. Abin da hukuma da kotu suke dubawa shi ne yadda aikin yake gudana a zahiri. Wa yake tsara lokacin zuwa da na tashi? Kayan aikin na wane ne? Kana da wasu kwastomomi naka, kana iya cin riba ko faɗuwa, ko kuwa wuri ɗaya ka dogara da shi? Kai kake yanka farashi ko yanka maka ake yi?

Mutumin da aka ce ya zo ƙarfe bakwai ya tashi biyar, aka ba shi riga mai tambarin kamfani da injin goge ƙasa, aka nuna masa benen da zai share, wannan ma'aikaci ne ko da 1099 goma aka ba shi. Mai kitson da ta kama hayar kujera a shago, take kawo kwastomominta, take yanka kuɗinta, take zuwa ranar da ta ga dama, wannan ta fi kusa da 'yar kwangila. Kalifoniya ta fi tarayya tsanani: dokarta ta AB5 da ta fara aiki a 2020 tana ɗaukar kowa a matsayin ma'aikaci har sai kamfani ya tabbatar da akasin haka, kodayake ƙuri'ar jama'a ta Nuwamban shekarar ta cire direbobin Uber da Lyft da masu kai saƙo ta manhaja daga ciki. Birnin New York kuwa ya yanka wa masu kai abinci ta manhaja nasu mafi ƙarancin kuɗin awa, wanda ya kai dala 21.44 a Afrilun 2025, ban da tukuici.

Mataki na biyu: duba ko dokar tarayya ta hau kan wurin aikinka

Wannan ba ya cin lokaci. Duk kasuwancin da cinikinsa na shekara ya kai dala 500,000 yana ciki. Asibitoci, gidajen kula da tsofaffi, makarantu da ofisoshin gwamnati suna ciki ko nawa suke samu. Ko shagon bai kai haka ba, ma'aikacin da aikinsa ya shafi cinikin da ke tsallaka jiha, kamar aika kaya ko amsa wayar kwastomomin wata jiha, doka ta rufe shi. Masu aikin gida ma haka. Wanda ya kuɓuce wa ta tarayya kuma, sau da yawa ta jiha tana jiransa.

Mataki na uku: nemo mafi ƙarancin albashin inda kake aiki

Na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun 24 ga Yulin 2009 bai motsa ba. Jihohi 30 da birnin Washington DC sun wuce shi. Inda kake aikin shi ne abin dubawa, ba inda kake kwana ko inda hedikwatar kamfanin take ba.

Texas da North Carolina da Pennsylvania suna nan a kan 7.25. Alabama, Louisiana, Mississippi, South Carolina da Tennessee ba su da dokar mafi ƙarancin albashi ta kansu sam, na tarayya ake bi. Georgia ta rubuta 5.15 a dokarta, amma duk wanda FLSA ta rufe 7.25 zai karɓa. A ɗaya gefen, birnin New York da Long Island da Westchester dala 17 ne daga Janairun 2026, sauran jihar 16. Kalifoniya 16.90 a 2026, ma'aikatan manyan gidajen abincin gaggawa kuma dala 20 tun Afrilun 2024. Maryland da Illinois 15 ne, amma birnin Chicago ya ɗara na jiharsa. Alƙaluman nan sukan canza ran 1 ga Janairu ko 1 ga Yuli, don haka duk shekara a leƙa shafin ma'aikatar ƙwadagon jiha.

Akwai ƙaramar ƙofa da tarayya ta bari: wanda bai kai shekara 20 ba ana iya biyansa 4.25 a kwana 90 na farko, in dokar jiha ba ta hana ba.

Mataki na huɗu: ƙirga awanni yadda doka take ƙirgawa

A nan kuɗi suka fi zurarewa, minti goma yau, rabin awa gobe. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da ubangida ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kana masa aiki, lokacin biya ne, ko bai umarce ka ba. Zuwa da wuri don kunna injuna, tsayawa bayan an rufe shago don ƙirga ciniki, taron safe, horon da aka wajabta, duk aiki ne. Haka “kwanakin gwaji” da ake sa sabon zuwa ya yi kyauta don a ga hannunsa. Kasuwancin neman riba ba shi da izinin sa mutum aikin sa kai.

Tafiya daga gida zuwa wurin aiki ba a biya. Amma daga wurin aiki na farko zuwa na biyu a cikin yini, kamar mai kula da tsofaffi da ta bar gidan wannan ta hau bas zuwa gidan wancan a ƙarƙashin kamfani ɗaya, wannan tafiyar aiki ce. Zaman jira ma haka: mai wankin mota da aka ce ya zauna a wurin har mota ta shigo, yana bakin aiki ko da hira yake yi.

Maganar hutu tana ba mutane mamaki. Dokar tarayya ba ta tilasta a ba babba hutun cin abinci ko na shan iska ba. Abin da ta ce shi ne, idan an bayar da gajeren hutu na minti 5 zuwa 20, a biya shi. Hutun abinci na minti 30 ko fiye ana iya ƙin biya, amma da sharaɗin an sallame ka daga aiki gaba ɗaya. Mai gadin da yake cin shinkafarsa a kan tebur, ido a kan talabijin ɗin kamara, rediyo a kafaɗa, bai huta ba. Kamfanoni da yawa kwamfutarsu tana cire minti 30 kai tsaye kowace rana ko ka ci ko ba ka ci ba. Rabin awa sau biyar a mako, a shekara ya haura awa ɗari. Jihohi ne suke wajabta hutu. A Kalifoniya, aikin da ya wuce awa 5 sai da hutun abinci na minti 30, da hutun minti 10 mai biya a kowace awa 4, kuma ranar da aka hana ka, ubangida zai ƙara maka kuɗin awa ɗaya. Mai shayarwa kuwa, dokar tarayya da aka faɗaɗa a Disambar 2022 ta ba ta lokacin tatsar nono har jariri ya shekara, a keɓantaccen wuri wanda ba banɗaki ba.

Salla fa? Wannan wata doka ce daban, ta haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ta shafi wuraren da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Ta wajabta wa ubangida ya yi sassauci kan ibada matuƙar ba zai jawo masa babbar ɗawainiya ba, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙara tsaurara abin da zai nuna kafin ya ƙi. Mafi sauƙi shi ne a nemi a daidaita gajeren hutun da ake ba kowa da lokacin Azahar ko La'asar. Fita Juma'a na awa ɗaya ko biyu kuwa, ba dole ne a biya ba. A nema a rubuce, kuma tun kafin a fara saɓani.

Masu kwana a gidan majinyaci su lura da kyau. Aikin da bai kai awa 24 ba, duka ake biya ko da an bar ki kin runtsa. Idan ya kai 24, ana iya cire har awa 8 na barci in an yi yarjejeniya kuma akwai wurin kwana mai kyau, amma idan tashin dare ya hana ki samun barcin awa 5, daren duka ya zama aiki. A New York kamfanoni sukan biya awa 13 cikin 24, bisa cewa an sami awa 8 na barci, biyar daga ciki a jere, da awa 3 na abinci. Daren da tsohuwa ta tashe ki sau huɗu, a juya ta, a kai ta banɗaki, lissafin 13 ya rushe. Ki rubuta lokacin kowane tashi, ki sanar da ofis a rubuce washegari.

Mataki na biyar: lissafin obataim

Duk awar da ta wuce 40 a mako, kuɗinta ɗaya da rabi ne. Mako a nan kwana bakwai ne a jere da ubangida ya tsayar, ba lallai ya fara ran Litinin ba, amma ba a canza shi don kauce wa biya. Kowane mako da kansa yake tsayawa. Idan ka yi awa 50 a wannan mako, 30 a na gaba, ba a haɗawa a ce 80 ne babu ƙari. Kana bin obataim na awa 10. Kuma kamfani mai zaman kansa ba ya cewa zai rama maka da hutu wani makon a madadin kuɗi.

Ga misali. Kuɗin awarka dala 15, ka yi awa 52. Arba'in na farko 600. Sha biyun da suka hau, kowace 22.50, wato 270. Jimla 870. Idan duka aka biya ka a kan 15, ka karɓi 780, an rage maka 90. Kamar ba yawa, amma a mako 50 dala 4,500 ke nan.

Akwai inda ko masu gaskiya cikin iyayen gida suke tuntuɓe. Ba a kan tsurar kuɗin awa ake lissafin ba, a kan duk abin da aka yi maka alkawari ne: garaɓasar zuwa aiki ba fashi, ƙarin aikin dare, kamasho. Mai dala 16 a awa da ya yi awa 50 kuma ya ci garaɓasar dala 100, jimlarsa 900. A raba da 50, ya zama 18. Rabin 18 shi ne 9, sau awa 10, dala 90. Abin da zai karɓa 990.

Sai kuma tsarin da ya fi yawa a ƙananan shagunan 'yan uwa: “dala 600 a mako, kuɗi hannu.” A ce awa 12 ne kullum, kwana shida, awa 72 ke nan. A raba 600 da 72, ya ba da kusan 8.33 a awa. A Houston da ke Texas wannan ya haura 7.25, don haka in an yarda 600 ɗin na duk awannin ne, abin da ya rage shi ne rabin kuɗin awa 32 da suka hau, kusan dala 133 a mako. A Bronx kuwa, cikin birnin New York, lissafin ya sha bamban. Awa 40 a kan 17 shi ne 680. Awa 32 a kan 25.50 shi ne 816. New York kuma tana da wata ƙa'ida: ranar da tsakanin shigarka da tashinka ya wuce awa 10, ana ƙara wa mai ƙaramin albashi kuɗin awa ɗaya, wato 102 a kwana shida. Jimla 1,598. Aiki iri ɗaya, gajiya iri ɗaya, amma a Bronx ana bin mai shago dala 998 kowane mako. Mai shagon da ya yi shekara biyu a haka, ranar da aka buga masa lissafi sai ya sayar da shagon.

Wasu jihohin da yini suke ƙirgawa. A Kalifoniya duk abin da ya wuce awa 8 a rana, kuɗinsa ɗaya da rabi ne, abin da ya wuce 12 ninki biyu. Alaska ma daga awa 8 take farawa, Colorado daga 12. Abin da dokar tarayya ba ta bayar ba kuma a san shi, don kada a je ana rigima a banza: babu ƙarin kuɗi don aikin Asabar, Lahadi ko ranar biki, babu hutun shekara ko na rashin lafiya mai biya, babu kuɗin sallama, kuma babu iyakar awannin da za a sa wanda ya kai shekara 16. Waɗannan sai dai daga dokar jiha, ko ta birni, ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago.

Mataki na shida: waɗanda aka cire daga obataim

Kiran mutum manaja ba ya cire shi. Kafin a cire shi sai abu uku sun haɗu: albashinsa tsayayye ne ba na awa ba, ya kai aƙalla dala 684 a mako, wato 35,568 a shekara, kuma ainihin aikinsa na shugabanci ne, ko na gudanarwa, ko na ƙwararru irin su injiniya. An ɗaga adadin zuwa 844 a Yulin 2024, amma wata kotun tarayya a Texas ta soke ƙarin a Nuwamban shekarar, aka koma 684. New York da Kalifoniya da jihar Washington nasu adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Shugabancin ma sai an ga mutum yana kula da aƙalla cikakkun ma'aikata biyu kuma ana jin maganarsa wajen ɗauka da kora. “Mataimakin manaja” da yake yini yana jera kaya a kanta, yana goge ƙasa, ya duba lamarinsa da kyau.

Akwai kuma sana'o'in da tarayya ta cire daga obataim tun asali: direbobin manyan motoci masu tsallaka jihohi, direbobin kamfanin tasi, ma'aikatan gona, da mai aikin da take zaune a gidan iyalin da suka ɗauke ta. A nan ma jiha tana iya cike giɓin. New York tun 2010 ta ba masu aikin gida obataim bayan awa 40, ko 44 ga mai kwana a gidan, da hutun kwana ɗaya a mako.

Mataki na bakwai: tukuici da cire-cire

Wanda yake samun tukuicin da ya wuce dala 30 a wata, tarayya ta yarda a biya shi 2.13 a awa, muddin tukuicin ya cike zuwa 7.25. Makon da bai cike ba, ubangida ne zai cike. Dole kuma a sanar da ma'aikaci wannan tsari tun farko. Obataim ɗinsa ba a kan 2.13 ake bugawa ba. Ana ɗaukar ɗaya da rabin 7.25, a cire 5.12, wato giɓin da ke tsakanin 7.25 da 2.13, ya rage 5.76 a awa. Jihohi bakwai, Kalifoniya, Washington, Oregon, Nevada, Minnesota, Montana da Alaska, ba su yarda da wannan ragin ba sam: cikakken albashi, tukuici kuma a kai. Tun 2018 doka ta fito fili ta hana mai gida da manaja da mai sa ido taɓa tukuicin ma'aikata.

Kuɗin rigar aiki, farantin da ya fashe, kuɗin da ya yi ƙasa a akwatin ciniki, kwastoman da ya ci ya gudu: tarayya ta hana a cire su idan hakan zai sauke ka ƙasa da mafi ƙarancin albashi ko ya ci obataim ɗinka. New York da Kalifoniya sun hana mafi yawansu ko da albashinka ya fi haka.

Mataki na takwas: rubutu

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowane. Doka ta ɗora wa ubangida ajiye bayanan albashi na shekara uku, na katin shiga da fita kuma shekara biyu. Tun 1946 Kotun Ƙoli ta ce idan ubangida bai ajiye ba, ma'aikaci yana iya kawo ƙiyasinsa mai ma'ana, nauyin ƙaryatawa kuma ya koma kan ubangida. Ma'ana, ɗan littafin aljihu da ka riƙa cikawa kullum yana da nauyi a kotu.

Ka rubuta kwanan wata, lokacin shiga, lokacin tashi, ko ka sami hutun abinci, da abin da aka ba ka ranar biya. Ka yi shi a ranar, ba ƙarshen wata ba. Ka ɗauki hoton jadawalin da aka manna a bango kafin a cire shi. Kada ka goge saƙonnin WhatsApp da ake ce maka ka zo da wuri ko ka ƙara awa biyu. Idan kuɗi hannu ake ba ka, ka sa su a banki a ranar ko ka ɗauki hoton ambulan. Ka san cikakken sunan kamfanin, adireshinsa da sunan mai shi, domin da yawa laƙabin ubangidansu kawai suka sani. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da manhajar waya kyauta ta rubuta awanni. A ajiye komai a gida ko a wayarka, ba a wurin aiki ba.

Ga wanda ya zama ubangida

Biyan kuɗi hannu ba laifi ba ne a kan kansa, rashin rubutu da rashin biyan haraji ne laifin. Ka tsayar da makon aikinka, ka sa na'urar shiga da fita ko takardar da ma'aikaci zai sa wa hannu, ka manna takardar sanarwar FLSA inda kowa zai gani. Idan ba ka son obataim, ka hana shi da tsari. Amma in an riga an yi, sai ka biya, daga baya ka ja kunne. A New York dole ne ka ba sabon ma'aikaci takardar da ta nuna kuɗin awarsa da ranar biya, da takardar albashi kowane biya, kuma masu aikin ƙarfi mako-mako ake biyansu. A Texas masu aikin awa aƙalla sau biyu a wata. Wanda ka kora, a Kalifoniya nan take za ka ba shi kuɗinsa, in ka yi jinkiri ana iya ci maka tarar albashin har kwana 30. A Texas kwana shida gare ka.

Ɗan ƙanenka da ka ɗauko daga gida yana tsaron shago, shi ma ma'aikaci ne. Ɗakin kwana da abincin da kake ba shi ana iya lissafa su cikin albashi, amma a kan ainihin abin da suka ci maka, ba riba, da yardarsa, kuma a rubuce. Rajistar kamfani ma ba ta ɓoye ka, domin mai shagon da yake ɗauka da kora da yanka albashi ana iya bin sa bashin a aljihunsa.

Yara: ɗan 14 da 15 ba ya wuce awa 3 a ranar makaranta, 18 a makon makaranta, 8 a ranar hutu, 40 a makon hutu, kuma tsakanin bakwai na safe da bakwai na yamma, sai daga 1 ga Yuni zuwa Ranar Ma'aikata a farkon Satumba da ake kaiwa tara na dare. Wanda bai kai 18 ba ba ya taɓa injin yankan nama ko na kwaɓa fulawa. Masu mahauta da gidan burodi su riƙe wannan.

Mataki na ƙarshe: idan an danne maka haƙƙi

Ka fara da magana, domin wani lokacin kuskuren ofishin biya ne. Amma ka yi ta a rubuce, cikin ladabi, da kwanan wata da adadi: mako kaza na yi awa kaza, an biya ni kaza. A tsakaninmu akan so a kai maganar wurin limami ko shugaban al'umma, kuma sulhu alheri ne. Sai dai a tuna lokaci yana tafiya yayin da ake ta zarya. A dokar tarayya shekara biyu kawai ake komawa baya, uku idan da gangan aka yi, kuma kowane mako da ya wuce, wani tsohon mako yana faɗuwa daga lissafi. New York shekara shida take bayarwa. Hukumar ƙwadagon Texas kuwa kwana 180 kacal daga ranar da kuɗin ya kamata su shigo.

Hanyoyi uku ne. Akwai sashen albashi da awanni na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, Wage and Hour Division, a lamba 1-866-487-9243. Kyauta ne, suna ɓoye sunan mai ƙorafi, kuma suna samar da tafinta. Sai dai kai musu ƙorafi ba ya tsayar da ƙidayar shekarun nan, shigar da ƙara a kotu ne yake tsayarwa, kuma wanda ya karɓi cikakken biya ta hannunsu ya sa hannu, ya rufe ƙofar kotu a kan wannan bashin. Akwai ma'aikatar ƙwadagon jiha, wadda ta fi dacewa a inda dokar jiha ta fi ta tarayya tsoka. Sai kotu, inda ake iya ninka bashin, dala 4,500 ta zama 9,000, kuma ubangidan da ya sha kaye shi zai biya lauyanka. Shi ya sa lauyoyi da yawa suke karɓar irin wannan shari'a ba tare da ka ba da ko sisi a gaba ba. A Massachusetts ninki uku ne, kuma wajibi.

Korar mutum, rage masa awanni ko tsoratar da shi don ya yi ƙorafi laifi ne mai zaman kansa, kuma a 2011 Kotun Ƙoli ta ce ko ƙorafin baki ya wadatar. Haƙƙin aikin da aka riga aka yi bai dogara da takardun zama ba, kuma kotuna sun ɗauki kai ƙarar ma'aikaci wurin jami'an shige da fice don ya nemi kuɗinsa a matsayin ramuwar gayya da doka ta hana. Duk da haka, wanda takardunsa ba su cika ba ya fara zama da lauya ko cibiyar taimakon ma'aikata, waɗanda ake samu kyauta a manyan birane, kafin ya ɗaga waya ya kira kowace hukuma.

Kafin ka je wurin lauya, ka binciko takardun da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka. Kamfanoni da yawa suna cusa sharaɗin cewa duk rigima a gaban mai sasanci za a yi ta, kai kaɗai, ba a kotu ba kuma ba tare da abokan aiki ba, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan sharaɗi. Bai soke bashin da kake bi ba, bai kuma hana ka zuwa Ma'aikatar Ƙwadago ba, wurin shari'ar kawai ya canza. Ka tafi da wannan takarda, da littafin awanninka, da takardun albashi ko bayanan banki, da sunayen abokan aikin da suka ga lokacin shigarka da fitarka.